Kujerar Zuweira

Shekara da shekaru ina bin motar nan da sifana don ta ƙara gudu, ranar da ta yi gudun kuma sai aka ce ba za ta sake hawa filin tsere ba.

Tsohuwar Mustang ce, baƙa. Na saye ta ina sabon zuwa Bronx, tun ban buɗe garejina ba. Da ita muke zuwa cefane Harlem duk Asabar, ni da matata Zuweira, Allah ya jiƙanta. Ba ta taɓa yarda ta zauna gaba ba. Kullum tana baya kusa da 'yarmu Shamsiya, kuma da na ɗan taka totur a titin Grand Concourse sai in ji muryarta a ƙeyata: "Baban Shamsiya, rage gudu." Ni kuwa kunnen ƙashi gare ni, sai ma in ƙara don in ji ta yi tsaki. Wata Sallah kwalbar humrarta ta kife a kujerar, na yi ta faɗa har muka isa gida. Har gobe in rana ta doki motar, ƙamshin sai ya taso.

Bayan rasuwarta gidan ya yi mini faɗi, Asabar ta zama abin tsoro. Abukari, abokin aikina ɗan Kumasi, shi ya ja ni wani filin tsere a New Jersey. Hanya ce miƙe samɓal, mota biyu a jere, fitila ta ba da kore ku fizga. Na zuba wa injin nan duk abin da na iya.

Ranar da na yi gudun da ban taɓa yi ba, mai duba motocin filin ya tare ni. Ya ce na sauka ƙasa da sakan goma sha ɗaya da rabi, kuma motar da ta kai nan dole a yi mata waldar ƙarafan kariya a ciki.

Da muka koma gareji Abukari ya leƙa ya auna. "Tajuddeen, ƙarafan ta baya za su bi. Sai kujerar nan ta fita."

"Ba za ta fita ba."

"Tsohon soso ne fa. Ka kashe kanka a kan injin nan, yanzu soso zai tsayar da kai?"

Raina ya ɓaci, na ce masa ya je ya sami abin yi. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma na ji haushi. Ina son gudun nan, ba zan ɓoye ba.

Na buɗe bonet, na sassauta distributa, na ja taimin baya. Wato wutar fulogi ta riƙa makara kaɗan, sai fistin ya fara gangarowa sannan fetur ya gama ci, ƙarfin ya zube a banza. Duk bakanike ya san wannan, sai dai babu wanda ke yi wa motarsa da gangan yana cikin hankalinsa. Muryar injin ta yi laushi. Na ɗaure noti.

Asabar ta gaba muka koma. Kore ta kama, na take totur har ƙasa, motar ta tashi kamar mai ciwon gwiwa. Wanda ke gefena ya wuce ni fit, ko ƙurarsa ban kamo ba. Allo ya nuna sakan goma sha biyu da ɗoriya. Mai duba motoci ya ɗaga mini hannu, wato babu matsala.

Na gangara can ƙarshen fili na kashe injin. Rana ta take, gilasai a rufe, motar ta ɗau zafi. Sai ga humrar nan ta taso daga baya ta cika ko'ina. Ina hango Abukari yana tahowa yana dariya, na san tsiya ce fal bakinsa, na danna makulli na rufe ƙofa.

Kewar Zuweira ta kama ni har na kasa ɗaga kai. Na daidaita madubi ya kalli kujerar.

Na ce, "To, Zuweira. Ga shi na rage."