Gwiwar Hamida da Gaisuwar Gwaggo

Duk wanda ya taɓa ganin Hamida ta ɗaga ƙwallon ƙarfe a filin tsakuwa na La Courneuve, a gefen Paris, ya san Allah ya yi mata hannu. Wasan bul ne, wanda Faransawa ke kira petanki: a jefa ɗan ƙwallon katako, kowa ya kusantar da ƙarfensa gare shi, mai gwaninta kuma ya harbi ƙarfen abokin hamayya ya kore shi. Harbin nan shi ne sana'ar Hamida. In ta saki sai ka ji ƙas! Ƙarfen mutane ya yi nasa wuri, nata ya zauna a gurbin kamar dama can gidan ubansa ne.

To amma wannan a wurin horo ne. Ranar gasa, ana cikin daɗi, sai kawai ƙarfenta ya faɗi tun kafin ya isa, ya gangara kamar kaza mai ciwon ƙafa. Ga kuma gasar mata ta Lyon ta matso, an riga an gaya mata: in ta ci za a ɗauke ta cikin zaɓaɓɓun 'yan wasa, in ta faɗi a ba wata gurbin.

Kocinta Sufyan ya karanta ilimin wasanni a jami'ar Saint-Denis, kuma ba ya yarda da komai sai abin da kamara ta gani. Kowane wasa sai ya ɗauka, ya zauna gaban odinatar, wato kwamfuta, yana yanka bidiyon gunduwa-gunduwa, harbin da ya samu ya sa masa launin kore, wanda ya kuskure launin ja. Ya ja layi a kan tsintsiyar hannunta, ya auna kafaɗa, ya canza mata takalmi, har shayi ya hana ta sha kafin wasa. Kuma kullum sai ya kashe sauti, wai surutu ba kimiyya ba ne.

Gaskiyar magana, yakan tsayar da hoton a kan fuskarta fiye da yadda aikin yake buƙata. Wayyo zuciya! In ka tambaye shi sai ya ce numfashinta yake nazari.

A ƙarshe ya gano gwiwa ce. A duk harbi mai ja, daidai lokacin da za ta saki ƙarfen, gwiwarta sai ta ɗan lanƙwashe. Me ke lanƙwasa ta? Ya duba iska, ya duba tsakuwa, bai gano ba.

Sai wata la'asar a cikin jirgin ƙasa na RER, yana kallon bidiyon a waya, babban yatsansa ya taɓa sauti bisa kuskure. Duk taragon ya ji wata murya mai ƙarfi kamar kakaki:

"Hamidaaa! Sannu da aiki! Ina gajiya?"

Gwiwar ta lanƙwashe. Ƙarfen ya faɗi.

Sufyan ya buɗe na gaba mai ja. Muryar dai. Na gaba ma ita. Har ya wuce tasharsa bai sani ba.

Washegari ya nuna wa Hamida. Ta kalla, ta rufe baki da gyale.

"Gwaggona ce, Hajiya Zuhura ta Bobigny. Mais non, Sufyan, ai ban ko amsa mata ba!"

"Bakinki bai amsa ba. Gwiwarki ta amsa."

"Ƙarya kake!"

Ya ce ta shiga da'ira ta harba. Tana ɗaga hannu ya kunna muryar daga aljihu. Gwiwa ta rusuna, ƙarfe ya faɗi tsakiyar hanya. Wani tsohon Bafaranshe da ke kallo ya girgiza kai ya tafi.

Hamida ta zauna kan benci, hawaye sun cika idonta. "Tun ina 'yar ƙarama Inna ke dungurin kaina in na gaida babba a tsaye. Yanzu kai kake so ka cire shi cikin sati biyu?"

"A ce mata kar ta zo mana."

"Kai je ka ce mata. Ni ina son raina."

Sun gwada auduga a kunne, ta ce ko leɓen Gwaggo ta hango gwiwar za ta yi aikinta. Sun gwada kunna muryar safe da yamma ko za ta saba, sai ga Hamida tana rusuna wa lasifikar jirgin metiro. Daga ƙarshe suka yanke shawarar ɓoye ranar gasar. Ai Lyon da nisa.

Sun manta da zauren WhatsApp na matan unguwa.

A Lyon, a wani fili mai jan tsakuwa kusa da kogi, Hamida ta yi wasa kamar mai aljanu. Babu Gwaggo, babu gwiwa. Ta kai wasan ƙarshe, ita da wata 'yar garin mai farin gashi wadda ba ta taɓa murmushi ba. Wanda ya fara kai maki sha uku shi ya ci, su kuma suna sha biyu-sha biyu. Ƙarfen matar ya manne da ƙwallon katako, na Hamida na biye da shi. Saura ƙarfe ɗaya a hannunta. In ta kore na matar, ta ci. Fili ya yi tsit, don dokar wasan ke nan, kuma alƙali ba ya ba ɗan wasa fiye da minti guda.

Sufyan na riƙe da waya yana ɗauka, sai ya hango ta. Ɗankwali ruwan ɗorawa mai tsayin hasumiya yana keta taron Turawa, da kula a hannu. Hajiya Zuhura ta ja numfashi, ta buɗe baki.

Bai san lokacin da ya tsallake shinge ba. Ya zube a gabanta, gwiwa bibbiyu a tsakuwa.

"Hajiya, barka da isowa! Ina wuni?"

Babba ba ya tsallake gaisuwar wanda ya durƙusa masa. Ta sauke numfashin. "Lahiya lau, ɗana. Bari in..."

"Ina gajiya? Yaya hanya? Yaya jirgin ƙasa?"

"Alhamdu lillahi. Ɗiyata nake so in..."

"Yaya Bobigny? Yaya mutanen bene? Yaya asansar mai hawa da ku sama, an gyara ta?"

"Ba a gyara ba, ɗana, ƙafafuna sun..."

"Ayya, yaya ƙafafun? Ta dama? Ta hagu fa?"

Hajiya ta leƙa ta saman kansa. Ya ɗan miƙe ya tare ta, ya sake zubewa. Tambayoyi sun fara ƙare masa, gumi na zuba.

"Yaya... yaya kula?"

"Kula?"

"Yaya mahaifin Hamida? Yaya mahaifiyarta? Kawunnanta na Maraɗi fa, duk suna lahiya? Ina gaishe su ɗaya bayan ɗaya, Hajiya, da girmamawa, da dukkan zuciyata!"

Ƙas!

Fili ya ɓarke da ihu. Sufyan, mutumin da ya ɗauki kowane harbi na Hamida tun ranar da ya san ta, bai ga wannan ba. Wayarsa takalman Hajiya take ɗauka.

Hamida ta taho da gudu tana kuka tana dariya, ta durƙusa har ƙasa, durƙuson da ta yini tana riƙewa. "Gwaggo, na ci!"

"Barka, 'yar albarka." Amma idon Hajiya na kan Sufyan. Ta ajiye kula, ta duba shi sama da ƙasa. "Hamida, me ya hana ki gaya mini?"

"Me, Gwaggo?"

"Ni aka mayar yarinya? Saurayi ya zube gaban jama'a, ya tambayi uba, ya tambayi uwa, ya kai har kawunnai a Maraɗi, yana gumi? Ba a yin wannan gaisuwa a banza. Kai, ɗan wa ne?"

"Hajiya, ai dabara ce ta..."

"Dabara ce mai kyau. Yaran yanzu ta waya suke yi. Ka turo manyanka Bobigny, su shirya hawan bene."

Sufyan ya kalli Hamida, yana jiran ta ƙaryata. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana juya ƙarfe a tafin hannu, ba ta ce uffan ba. Ya Allah, shirun nan! Ya fi duk tafin Lyon daɗi a kunnensa.

A jirgin komawa Paris Hajiya ta buɗe kula ta rarraba dambu har ga mai duba tikiti. Sufyan ya kunna bidiyon wasan ƙarshe don nazari, kamar yadda ya saba. Takalma ne kawai, da muryarsa tana rawa. Ya kai yatsa zai kashe sauti, Hamida ta janye wayar.

"Bar shi, koci. Mayar da shi wurin kawunnai."