Wurin Zama a Jirgin Maiwada

Nu'uman na cikin ɗaure kayan Maiwada a kwali sai wayar mamacin ta yi ƙara. Zuhura ce, babbar 'yarsa, daga Yawuri. Jiya bayan La'asar aka binne mahaifinta a nan Riyad. Zuciyarsa ce ta tsaya yana tsaka da wanke motar ubangidansa. Da suka gama ta'aziyya ta ce su 'ya'yan sun haɗa kai za su cika masa burinsa, za su sayi jirgin ruwan da yake so.

"Baba Nu'uman, wanne za mu saya? Ya ce kai ya bar wa zaɓi."

Nu'uman ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce zai kira ta.

Maiwada direba ne, shekara goma sha tara ƙofarsa na kallon ta Nu'uman a wani tsohon bene a unguwar Murabba. Basarke ne, jinin masunta, a bakin kogin Kwara aka yanke masa cibiya, neman abinci ya jefa shi garin da motoci suka fi kifi yawa. Da ya fara shirin komawa gida sai maganar ɗan jirgin ruwa mai inji ta kama shi, wanda zai riƙa kai iyali tsibiri ran Juma'a. Biyu suka tsaya masa a rai: siriri mai gudu, da faffaɗa mai rumfa. Nu'uman kuwa Bakano ne, bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, amma bakinsa ya iya iyo. Shi ya laƙaba wa mutumin Sarkin Ruwan Hamada, sunan ya bi shi har masallaci.

Hoton waya bai ishi Maiwada ba. Sai da ya hau rufin bene da alli ya zana jiragen biyu a daɓe, daidai girmansu. Ran Talata ya tare Nu'uman a matakala, ya roƙe shi minti biyar ya zo ya gani da idonsa.

"Ina da shugul, Sarki. Bukura, in sha Allahu."

Babu wani aikin da yake da shi, kwanciya ya je ya yi, goben da ya ce kuma ba ta zo ba. Har ƙara ya kai wa mai gadin benen, wai ƙurar alli na bin takalma tana ɓata matakala, a wanke.

Da ya tuna haka ya saki igiyar kwalin ya hau sama yana haki. Ya tarar mai gadi ya riga ya sheƙa bokiti ɗaya, rabin siririn jirgin ya tafi. Ya riƙe masa hannu.

Ashe kowane wurin zama da sunan mai shi. Siririn ya cika da mutum shida, sunayen sun dusashe amma suna karantuwa: Maiwada da Delu matarsa da sauran iyali. Faffaɗan na da wuri na bakwai, a tsakiya, ƙarƙashin rumfa. Da karkataccen rubutun direba an sa: Nu'uman, bai iya ruwa ba.

Kunya ta hana shi haɗa ido ko da mai gadi. Ya kira Zuhura.

"'Yata, ban duba ba sai yau, bayan ba ya nan. Ku sayi mai rumfar."

Ya tuɓe takalmansa a wajen layin allin, ya tsallaka ciki, ya zauna a wurinsa. Daɓen na da zafi. Ruwan bokitin ya gangaro a hankali ya taɓa gefen jirgin.