Buntun Bayan Duwatsu

Shekara shida Sannu-Sannu yana jigilar buntun shinkafa zuwa gidan wutar garinsu, bai taɓa tsallake gadar kogi da motarsa ba. Tuƙinsa ne ya ja masa sunan: ko akuya ce ta tsaya a kan titi, sai ya jira ta gama tunaninta. Injinan casar shinkafa biyar ne a kwarin, duk ya san masu su. Da safe zai kafa bayan motar a gindin tulin buntu, a loda, a rufe da tamfol, kafin tsakar rana ya sauke.

Gidan wutar ba wani babba ba ne. Rumfar kwano ce ɗaya, da tanderun da ke cin buntu, da injin da ke ba da lantarki. Amma da shi asibiti ke sanyaya magunguna, da shi masu walda da teloli ke cin abinci. 'Yar ƙanwarsa ce ke kula da wurin. Kowa na kiranta Injiniya, shi kuwa har yau "'yar nan" yake ce mata.

A shekarar, shinkafar rani ba ta yi kyau ba. Saura wata biyu a yi girbi, tulin buntu ya fara ƙarewa a duk injinan. Ran nan yana wurin mai facin taya, wani direba ya ba shi labarin wani katafaren injin casa a bayan duwatsu, inda buntu ya yi musu yawa har wuta suke cinna masa.

Bai tsaya an gama facin ba, ya taka zuwa gidan wuta da ƙafa.

"'Yar nan, na samo miki buntu. Kyauta ma, roƙon mutane suke a kwashe."

Da ta ji inda yake, sai ta ajiye sifanar da ke hannunta. "Kawu, wurin nan ya yi nisa."

"Kin taɓa zuwa?"

"Ban taɓa ba, amma na san abin da tanderun nan ke ci a yini."

"Ke dai ki bar ni in gwada. Tsoho ne ni, ba gawa ba."

Ta yi dariya, ta ce to, amma ya tafi da jarkar dizal biyu ban da na cikin tanki.

Washegari ya tsallake gadar. Awa ɗaya da barin kogi, gonakin shinkafa suka ƙare. Ƙasa ta koma tsakuwa, sai 'yan ƙayoyi nan da can. Ya wuce ƙauyuka uku bai ga ko karan da za a hura wuta da shi ba. Ya ce a ransa, nan ko kyauta aka ba su injin 'yar nan, me za su ba shi ya ci?

Sai da rana ta karkata ya gangara wani kwarin, ya ga tulin. Direban nan bai yi ƙarya ba, buntun ya ɗara rufin injin tsawo. Manajan wurin, wani gajere mai fara'a, ya riƙe hannunsa kamar ya ga ɗan'uwa.

"Kwashe, malam, kwashe! In kana so har shebur ɗin ka haɗa."

Aka loda, ma'aikata suka hau suka tattake, aka ƙara, har tamfol ya yi tozo. Amma da ya tayar da mota sai ya ji ta wayam, kamar bai ɗauki komai ba. Buntu cika wuri gare shi, ba nauyi. A can ya kwana. A hanyar dawowa ya juye jarkokin nan biyu, taya ɗaya kuma ta fashe a hawan dutse. Da yammacin rana ta biyu ya iso gida, fari fat da ƙura.

Injiniya ta yi masa sannu da hanya, ta ba shi ruwan sanyi. Aka fara zuba buntun a tanderu. Kwana ɗaya da rabi ya yi, ya ƙare.

Sannu-Sannu ya tsaya yana kallon wurin da aka share. "Wato na yi kwana biyu ina ɗauko abin da zai cinye kafin in huta?"

"Ka kuma ƙone man da ke kai ka mako biyu a nan cikin kwari," in ji ta.

Ya cire hula ya sosa kai, sai dariya ta kama shi. "Wannan ba inji ba ne, surukina ne. Shi ma haka yake da kwano."

A makon ta tara masu amfani da wutar a rumfa, ta gaya musu gaskiya. Aka raba abin da ya rage: asibiti ba za a ɗauke masa ba, masu walda da safe, teloli da yamma. An yi ɗan gunaguni, aka watse lafiya. Lambar wayar manajan nan da kawunta ya karɓo kuma ta tura wa wata abokiyar karatunta da ke neman inda za ta kafa irin wannan injin wutar. Ta ce mata ta je ta kafa shi a gindin tulin.

Aikin jigila ya ragu, Sannu-Sannu ya samu lokaci. Shi da wani birkila suka fara gina rumbun ajiye buntu a bayan gidan wuta, don a tara na kaka. Kullum da la'asar yana gida. Matarsa, da ta ga haka, ta nuna masa ƙofar kicin da ta yi shekara uku tana karkace.

"Sai da shinkafa ta ƙi kafin in same ka," in ji ta.

Ya ɗauko guduma, ya ce ta riƙe masa ƙusoshin.