Allon Matar Baba

"Ƙara zurfi," in ji Baba daga kan kujerarsa. "Wannan ramin ai ko kaza za ta tona shi."

Mai famfo ya share gumi ya ci gaba da haƙa. A tsakar gidan Baba mai walda suke, maƙwabcinsa da katanga ɗaya ta raba su, kuma abin da za a binne murfin tukunya ne. 'Yar Baba tana tsaye a ƙofar kicin tana kallo ana tura wa murfinta ƙasa. Tun da likita ya sallamo tsohon ya ce a je gida a yi ta lallaɓawa, babu mai musa masa a gidan.

Abu ɗaya Baba yake so: a binne shi kusa da matarsa. Matsalar kuwa, ambaliyar bara ta kwaso yashi da taɓo ta shafe gangaren maƙabartar gaba ɗaya, ba tudun kabari, ba alama. Allon ƙarfen da ya ƙera mata da hannunsa, ya rubuta sunanta da wutar walda, yana can ƙarƙashi, Allah kaɗai ya san zurfinsa. Shi ya sa mai famfo ya ɗauko na'urarsa ta gano ƙarfe, wadda yake neman bututu da ita, ya kuma aro wata babba wajen abokin aikinsa. Da murfin za su gwada zurfin da kowacce ke kaiwa.

Ya fara da tasa. Ya kaɗa ta bisa ramin, ta yi shiru kamar an aiko ta gaisuwar surukai.

"'Yar tsakon nan taka," Baba ya ce, yana dariya tana koma masa tari, "iyakarta taƙi biyu. Kawo uwarta."

Babbar na da faifai kamar tire, ga nauyin tsiya. Da ya ɗora ta sai ta saki ƙara. Suka sake haƙa, suka kai murfin kamu guda har da ɗori, ta sake amsawa, amma a hankali, sai an kasa kunne.

"Za ta kai, Baba."

"Za ta kai murfin tukunya a ƙasa busasshiya. Can taɓo ne." Ya maida numfashi. "Ka nema gefen katanga, inda bishiyar nan take. Nan na bar ta."

Bishiyar dai ruwa ya tafi da ita, katangar ma rabinta ya zube. Mai gadin maƙabartar, wani siriri mai faɗan tsiya, ya gindaya sharaɗi tun daga bakin ƙofa. "Ban yarda da diga ba, malam. Da hannu za ka tona, kuma kana taɓa allo ka tsaya. Mutane ne a ƙasan nan."

A nan mai famfo ya gane zurfi ma wahala ne. Ƙaramar ba ta jin komai, babbar kuma komai ji take yi: ƙusa, gwangwani, guntun waya, bakin shebur. Kowane taku sai ta yi kuka, shi kuma ya durƙusa ya yi ta yaƙushin ƙasa har farcensa ya fashe. Ya ciro allon wani direba. Ya ciro na wata jaririya. Duk wanda ya samu sai ya goge shi ya kafa shi tsaye, don ba ya iya mayar da shi. Kafin mako ya zagayo gefen katangar ya cika da alluna, har mutane sun fara zuwa suna gane nasu suna sa masa albarka. Albarkar ba ta yi masa daɗi ba. Haushi ma yake ji, kowa ya samu nasa sai wanda ya aiko shi.

Kullum da yamma sai ya leƙa ɗakin Baba da taɓo a gwiwa. Yanzu tsohon ba ya iya zaman kujera, yana kwance, ya zama ƙashi da fata.

"Ka same ta?"

'Yar ta kalle shi daga bayan uban, tana roƙonsa da ido ya ce e kawai. Kalmar ta zo masa har baki. Amma mutumin da zai dubi ƙofar ƙarfe daga nesa ya faɗa maka inda aka yi ha'inci a waldarta, ta ina za ka fara yi masa ƙarya?

"Na kusa, Baba."

"Mai famfo da na kusa! Haka ka yi ta ce min famfon nan yana yoyo har ya gaji don kansa." Ya kama hannunsa, ya shafa yatsun da suka farfashe. "Ka sa magani a nan, ɗana."

Washegari da hantsi, yana durƙushe a maƙabarta, wayarsa ta yi ƙara. "Yaya," in ji 'yar, "ka taho." Daga muryarta ya gane Baba ya cika.

Gawa ba ta jira. Masu haƙa suka ce ya nuna musu wuri, ya tsaya yana rarraba ido, daga ƙarshe ya nuna wani fili a gefen katanga inda ya tabbatar ba kowa. Nan aka sa Baba.

Mutane suka watse. Shi ya kasa tafiya. Ya ɗauko babbar na'urar daga ɗakin mai gadi, ya nufi can ƙasan gangaren, inda bai taɓa dubawa ba don Baba ya rantse ba nan ba ne. Bai yi nisa ba ta yi wata 'yar ƙara siririya. Ya tona har hannunsa ya nutse zuwa kafaɗa, yatsunsa suka ci karo da harufa masu tudu. Tun kafin ya ciro ya san hannun wanda ya rubuta su.

Ya ɗaga kai ya dubi sabon kabarin. Layi-layi na mamata ne a tsakanin Baba da matarsa. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka sosai, mai gadi ya zo ya gan shi, ya juya ya koma.

Sai ya goge allon da bakin rigarsa, ya kafa shi, ya danne gindinsa da ƙasa. Duk sauran allunan hanya suke kallo. Wannan ya juya fuskarsa zuwa gefen katanga, inda ƙasar kabarin Baba ba ta bushe ba tukuna.