Shuɗin da Ke Cikin Kabeji

Mai Fenti ya shekara ashirin yana haɗa kalar motoci, saboda haka da matarsa ta zame a banɗaki ta karya hannu ana gobe 'yarsu Auta za ta cika shekara bakwai, sai ya bugi ƙirji ya ce kek ai ba abin tashin hankali ba ne. Maman Auta ta dube shi kawai, ta sa aka ajiye mata kujera a ƙofar kicin, ta zauna da hannu a rataye.

Matsalar ɗaya ce. Auta ba ta cin kalar kanti da ake sa wa kek. Ko lasa ta yi, borin jini ke feso mata, ta wuni tana susa tana kuka. A duk taron yara ita ake yanka wa gefen da ba ado, ko a miƙa mata biskit. Bana kuwa ta ce shuɗin kek take so, wanda za ta ci da bakinta.

"Jan kabeji za ka yanka," in ji Maman Auta. "Ƙanana. Ka tafasa shi har ruwan ya kusa ƙonewa."

"Kabeji a kek? Ciwon hannun ya hau kai ne?"

"Baban Auta, yanka."

Ya yanka. Kicin ya ɗauki wari irin wanda ba mai alaƙanta shi da kek. Da ya tace, ruwan ya fito shunayya mai duhu. Ta ce ya ɗan barbaɗa bekin soda da bakin cokali, kaɗan-kaɗan. Mutumin da ya saba da bokiti ina ya san kaɗan? Ya zuba cokali guda, ruwan ya wuce shuɗi a guje ya koma kore.

"To, ga fentin motar asibiti," ta ce, tana dariya tana riƙe hannunta don kar ya girgiza.

Abin ya ba shi haushi. Ya ɗauko sauran rabin kabejin ya sake daga farko. Wannan karon da yatsa biyu ya riƙa tsunkuro sodar yana juyawa, har shuɗi ya fito a hankali, mai sanyi, kamar na tsohuwar rigar makaranta. Ya miƙa hannu zai haɗa da bota, sai ta tare shi da tambaya.

"Rawaya da shuɗi me suke ba ka a gareji?"

Ya tsaya da cokali a sama. Kore suke bayarwa, botar kuwa rawaya ce. Kunya ta kama shi sosai. Ya mayar da botar, ya dama garin sukari da ruwan shuɗin zalla, ya jira kek ɗin da ya gasa ya huce, sannan ya shafe shi yadda yake shafa ƙofar mota, daga gefe zuwa gefe.

Gaskiya bai yi kyan na kanti ba. Shuɗin ya yi haske, gefe ɗaya ma ya zubo kan faranti. Washegari da rana 'yan'uwa da yaran maƙwabta suka cika falo, shi kuwa yana tsaye jikin bango yana jiran a yi masa dariya. Ba wanda ya kula shi, kowa faranti yake miƙawa.

Auta ta karɓi nata yankan, mai shuɗi har gefe, ta riƙe ba ta ci ba.

"Baba, in ci?"

"Ci, 'yar baba."

"Har da saman?"

"Saman ma aka yi dominki."

Ta cinye tas, ta lashe yatsu. Sai ta koma ƙarshen kujera ta zauna ita kaɗai, ta miƙe hannayenta biyu a kan gwiwa tana kallon fatarta. Yara na ta kiranta wasa, ba ta ɗaga kai ba. Ta juya hannu ta duba ciki, ta taɓa wuyanta, ta sake duba hannun. A lokacin Mai Fenti ya gane abin da yarinyar nan ke yi bayan kowane taro: jira take ƙaiƙayi ya zo. Tausayinta ya cika masa ƙirji, ya je ya zauna kusa da ita, suka ci gaba da kallon hannun tare.

An jima sosai ta ɗago, muryarta ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron kar wani abu ya ji ta.

"Baba, bai zo ba. Zan iya ƙarawa?"