Waƙar Kaɗa Nono

Fadimata tana tankaɗe a tsakar gidanta a Arlit sai ga saƙon murya daga 'yarta Lalla, wadda aure ya kai ƙasar Kataloniya, can cikin Sifaniya.

"Anna, sannu da gida. Malamar su Zinatu ta ce kowane yaro ya zo da waƙa cikin harshen gidansu ranar Jumma'a. Mutanen nan ba sa wasa da Katalancinsu, don an taɓa hana kakanninsu yin sa a lakwal. Da na ce mata namu Tamajak ne amma ban iya ba, kallon da ta yi mini sai ka ce 'ya na yar a kasuwa. Don Allah ki rera ɗaya ki turo, kada jikarki ta tsaya gaban yara baki rufe."

Fadimata ta ajiye rariya. Tun da ta auri direban motar ma'aikatan ma'adini take zaune tsakanin mutanen Maraɗi da na Tawa. Da Hausa 'ya'yanta suka tashi, lakwal ta ƙara musu Faransanci, Tamajak kuwa sai in za a yi musu faɗa. Ta buɗe baki za ta rera waƙar da marigayiya uwarta ke yi wajen kaɗa nono. Muryar ta zo, kalmomin suka ƙi zuwa.

Washegari ta hau bayan motar kaya zuwa Dannet, wurin Dassin, ƙanwar uwarta. Ta sauka ƙugu na ciwo, ta tarar da tsohuwar a inuwar bukka.

"'Yar birni, gaisuwa ta kawo ki ko biɗa?"

"Duka biyu, Inna."

Bayan an sha shayi ta faɗi buƙatarta, ta kanga wa Dassin wayar a baki. Tsohuwar ta yi gyaran murya, ta sake gyarawa.

"Janye ƙarfen nan. Wannan waƙa hannu ke tuna ta. Ɗauko mini salka."

Salkar na rataye, ta bushe ƙamas, don awaki sun daɗe ba su ba da abin kaɗawa ba, madarar gwangwani ake sha. Fadimata ta jiƙa fatar, ta yi ta murza har ta yi laushi. Suka cika ta da ruwan rijiya, suka rataya a tsakanin itatuwa. Dassin ta tura, salka ta dawo, ta sake turawa. Sai ga waƙar ta fito, siririya, tana rawa. Amma duk baiti ɗaya sai ta yi tsit, ruwa kawai ke ƙara cikin fata, sannan ta ɗauki na gaba.

"Inna, kina tsallakewa."

"Ba na tsallake komai. Ta mutum biyu ce. In tura in faɗi nawa, uwarki ta amsa ta turo. Da zan ji nata da na gane shi, amma bai taɓa zama a bakina ba. Ke ya kamata in tambaya."

Fadimata ta zaga bukkokin da ke kusa tana tambayar mata ɗaya rabin waƙar. Wata ta ce ta san wata waƙa mai kama da ita, wata ta yi dariya ta ce wa ke kaɗa nono yanzu. Ta komo, ta riƙe waya, Dassin ta rera abin da take da shi har hannuwanta suka gaji.

Sai da mota ta kusa Arlit waya ta kama, saƙon ya tafi. Ko mayafi ba ta cire ba amsa ta iso.

"Anna, madalla! Amma kamar wayarki na yankewa, akwai wuraren da ba a jin komai."

Fadimata ta zauna a bakin tabarma, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura, ta danna.

"Ba ta yanke ba, Lalla. Haka waƙar take yanzu. Ki ce wa Zinatu in ta kai wurin ta yi shiru, ta ja numfashi, ta ci gaba."