Muryar da Aka Saka Mini a Kunne

…kuma ƙaiƙayi yake mini, ɗan abu kamar ƙwayar wake a cikin kunne, an ce kar in taɓa. Ta cikinsa Bronwyn ke yi mini magana, tana bayan madubin can. Tana ganinmu, mu ba ma ganinta. Likitar tunani ce wai, ba allura, ba ƙwaya, sai magana. Ki ji fa, Mama, ke da kika haife ni: sa'ar babbar 'yata ce, ita ke koya mini yadda ake uwa.

"Zauna ƙasa kusa da 'yarki, Lupe. Abin da ta zaɓa shi za ku yi."

'Yar shekara biyar ce za ta zaɓa? To. Na zauna. Gwiwata ta yi ƙara, ko ta ji ta can?

Sati goma sha ɗaya da hukuma ta karɓe mini Telesia, tana gidan wasu Turawa a ƙarshen garin Logan. An yanke mata gashi. Wa ya tambaye ni? Duk saboda tsintsiyar kwakwa, irin taki ta can tsibirinmu, Savai'i. Sau biyu kawai na tsula mata, a ƙwauri. Ta ratsa gaban fasto tsaye ƙiƙam, ba sunkuyawa, ba tulou ɗin neman izinin wucewa, matan coci duk sun juyo suna kallona… Malamarsu ta ga shati, ta ɗaga waya. Ran Juma'a Bronwyn za ta rubuta wa hukumar yara. Ko a dawo mini da ita, ko —

Kar ki tuna Juma'a. Dubi katakon wasa. Ja, kore. Gida take ginawa.

A takardar farko sun rubuta wai yarinya ba ta kallon idon uwarta, wai alamar tsoro. Ni na koya mata hakan. Shekara biyu ina koya mata. Wace 'yar mutunci ce ke zuba wa babba ido? Na so in yi bayani, Turancin ya gagare ni, na yi murmushi kawai. Murmushin ma sun rubuta.

"Yanzu ki yaba mata. Faɗi ainihin abin da ta yi da kyau."

Yabo… a gabanta? Ke, Mama, kin taɓa yabona? Sai dai in tarar kin ɓoye mini gwaza da madarar kwakwa cikin ganye, ki ce, ci maza kafin ƙartin yayyenki su dawo. Ni ma haka na yi wa 'ya'ya huɗu, suka girma, babu wanda ya lalace. Babu? Ɗana Iosefa shekara uku bai kira ba. Aiki ne ya yi masa yawa. Aiki ne.

"Lupe? Ina tare da ke. Gwada."

Hannuna warin kaji yake, daga masana'antar yanka kaji na taho, na wanke sau uku. Ko shi ya sa ta matsa gefe?

Na ce, "Telesia, kin… kin jera su daidai. Ginin ya yi kyau."

"Madalla," in ji kunnena.

Yarinyar ta tsaya, jan katako a hannunta. Ba ni ta kalla ba, madubin ta kalla.

"Mama, ita ta ce ki faɗa?"

Ina jira a faɗa mini amsa. Ƙwayar waken sai huci take. In na ce a'a, na yi ƙarya a gaban mai rubutu. In na ce e…

Ginin ya yi kyau fa, Mama. Da gaske ya yi kyau. Tun ɗazu na gani, kafin a ce in gani. Ta yaya zan… da wane baki…

Har yanzu Telesia tana jira.